Wuyan Kwat ɗin Baba

Tela da ƙanensa Auta ba sa ga maciji da juna, wannan kowa a layinsu ya sani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne fagen da suke gwabzawa. Ba a tsakar gida suke yi ba, ba a bakin titi ba. A kan wani teburi suke yi, a ɗakin baya na gidan mahaifinsu, kuma makamansu matsefata ce da kwalbar gam da 'yan ƙyallaye. Ga su dai magidanta, kowa furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma in ka ga yadda suke hararar juna ta saman wani dutsen kwali, sai ka rantse gona ake rabawa.

Teburin ya cinye ɗakin kaf, sai 'yar hanya da ya bari a gefe, wadda mai tumbi ba ya bi sai a karkace. A kansa marigayi Baba ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo, da jirgi mai aiki da lantarki wanda kansa bai fi sabulun wanka girma ba. Duk rayuwar aikinsa Baba mai tsaron mararraba ne, inda titin mota ya ratsa layin dogo. Shi ke sauke ƙarfen tare motoci, ya busa usur, ya ɗaga tuta. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya ƙera mararrabar tasa a ɗakin baya, da ɗan ɗakin tsaronta na katako, ya yi ta ƙara mata gari: tasha, gada, kanti, tankin ruwa, layin gidaje.

Doka ɗaya gare shi, kuma ba a yi mata kwana. Abin da ba na gaske ba, ba ya hawa teburinsa. Tsakuwar da ke tsakanin layuka dutsen layin dogo ne na gaske, ya daka da guduma ya tankaɗe da rariyar shayi. Rufin gidaje daga tsohon kwanon rufi ya yanko. Itace kuwa sai ya tono saiwar irin itacen da yake nufi, ya busar, ya kifa ta, 'yan saiwoyin su zama rassa. Mutanen da ke tsaye a tasha, waɗanda tsawonsu bai wuce ƙaramin yatsa ba, kowanne akwai mai shi a duniya, kuma rigar da ke jikinsa daga rigar mai shi aka yanko. Maƙwabta har sun saba: in Baba ya yaba rigarka, ka duba kalmasarta kafin ka bar gidan.

Tela ne ya ɗinka duk waɗannan riguna tun yana koyon sana'a, ido na ruwa, allura na shiga masa ƙarƙashin farce. Amma wa Baba ke bari ya taɓa kan jirgin? Auta. Wa ke tsayawa kusa da akwatin wuta yana murɗa gudu? Auta, ɗan lele, mai hannun da aka ce ba ya rawa, wanda ya girma ya zama mai gyaran agogo. Ko a kan teburin ma an nuna. Ɗan mutum-mutumin Auta na zaune a dokin ƙofar ɗakin tsaro, na Tela kuwa yana can bayan tankin ruwa da bokiti a hannu, sai ka sunkuya za ka gan shi. Tela bai taɓa gaya wa kowa abin yana cinsa ba, amma yana cinsa har yau.

Mutum ɗaya ne babu a garin nan, shi ne Baban kansa. In an tambaye shi sai ya ce, "Ga ni tsaye, me zan yi da na ƙarya?" Haka ya tafi ya bar bakin ɗakin tsaro ba mai ɗaga tuta.

Bai daɗe da rasuwa ba Tela ya zo da allin awonsa ya ja layi ya raba teburin biyu, wai don kowa ya san nasa. Layin ya ratsa mararraba, ya hau rufin ɗakin tsaro ya sauka ta baya. Auta ya kalli layin, ya kalli yayansa. Daga ranar aka shiga yaƙi.

Auta ne ya fara. Ya kafa juji daidai kan iyaka, da shara ta gaske da ya yanka ƙanana, har da ɓawon albasa, ya fuskantar da shi ga layin gidajen da Tela ya fi ji da su. Tela ya daka jan bulo ya gina katanga ya tare. Auta ya ƙara wa jujin tsawo har ya leƙo ta saman katangar, ya ɗora masa akuya. Tela ya gina banɗakin jama'a yana kallon ɗakin cin abincin tashar Auta, ya bar ƙofarsa a buɗe.

Daga nan abin ya bar gine-gine ya koma kan mutum. Auta ya ƙera ɗan shagon ɗinki, ya tsayar da wani bawan Allah a ƙofa yana duban wandonsa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Abin haushin, ƙyallen na gaske ne. Wandon da Tela ya taɓa ɗinka wa Autan ne, kuma Allah ya sani ƙafar hagun ta ɗan ɗage. Tela ya rama da hasumiyar agogo mai fuska huɗu, kowace fuska da nata lokacin, a gindinta ga wani fasinja ya ɗora hannu a ka jirgi ya tafi ya bar shi. Ba wanda ke tanka wani. Kowa ya zo ya ga abin da aka ajiye masa, ya ja tsaki, ya koma shago ya wuni yana ƙulla ramuwa.

Makullin ɗakin yana wurin mahaifiyarsu, Inna, rataye a wuyanta da igiya. Tana zaune a gidan tare da Auta da matarsa. Idanunta sun yi yana, haske da duhu kawai take rarrabewa. Duk ranar hutu da la'asar Tela kan zo, ta ba da makulli a buɗe, a kunna jirgi. Kujerarta ba ta shiga ɗakin bayan, don haka a nata ɗakin take zama, ƙofa a buɗe, tana sauraron ƙarar jirgin in ya hau gada. A cinyarta kullum akwai kwat ɗin aikin Baba, wani tsohon kaki mai maɓallan tagulla, hannunta a cikin wuyansa, babban yatsanta na kai da komo. Tela ya sha ganin hakan. Ya ɗauka irin wasan hannun nan ne na tsofaffi.

Wata ranar hutu faɗan ya fito fili, don Tela ya tarar Auta na auna bakin ɗakin tsaro da ɗan ma'auninsa.

"Me kake aunawa a nan?"

"Wurin da Baba zai tsaya."

"Wa ya sa ka? Ƙofar tana ɓangarena."

"Dokin ƙofar yana nawa, Yaya. Ka duba allinka. Ai ba yau ka fara jan layi a karkace ba."

Murya ta yi sama, har aka ture wata saniya ta faɗa ƙarƙashin gada. Sai ga Inna a bakin ƙofa tana dafe da bango, kwat ɗin a kafaɗarta.

"Na gaji da ku," in ji ta. "Kowa ya je ya yi babanku. Ku kawo min. Wanda na ji ya fi kama da shi, shi za a tsayar a ƙofar, mai shi kuma ya karɓi makullin nan in huta."

"Ai Yaya ya riga ya ci, Inna," in ji Auta. "Mutumin da ba ya rasa yadi. Ragowar na mutane ma ta ishe shi."

"Gara ni ana kawo min yadin. Kai wa ke kawo maka agogo yanzu, kowa na duba lokaci a waya?"

Tela ya fita yana huci, amma a ransa murna yake yi. Makulli ba ƙaramin abu ba ne, ya fi ƙarfe. In Babansa ne ya tsaya a ƙofar nan, to ɗan bayan tankin ruwa ya fito gaba ke nan, kuma Auta sai ya nemi izini kafin ya taɓa akwatin wuta. A wajen yi wa ɗan mutum riga kuwa, wa zai gwada masa?

Ranar hutun da ta biyo ya lura maɓallin ƙasa na kwat ɗin babu. Auta bai bari ya tambaya ba. Ya ciro maɓallin daga aljihu yana juya shi a haske, ya ce roƙa ya yi Inna ta ba shi, da shi zai ƙera wa Baban nasa kai da hula, tunda dokar Baba ba ta mutu da shi ba. Ya ƙara da cewa in Yaya na so ya je ya roƙa shi ma, wataƙila a samo masa zaren da ya warware. Tela ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi ya bi bayan Auta da roƙo, kamar mai jiran ragowa? Ya gwammace ya rufe shagon.

A shago ya fara da abin da yake da shi. Gangar jikin ba ta ba shi wuya ba: waya ya lanƙwasa ya naɗe da zare, ya sassaƙa kai daga guntun sandar tutar Baba ta katako da ya ɗauka tun rasuwa, ya ɗan rusunar da kafaɗar dama yadda ta Baba take saboda ɗaga ƙarfe. Kwat ɗin ne ya gagara. Ya yanko sabon kaki ya ɗinka, mutumin ya fito kamar an zura shi a buhu. Ya gwada tsohon kaki, duk ɗaya. A jikin abin da bai wuce yatsa ba, zaren saƙar kaki igiya ne, ba ya kwanciya, ba ya lanƙwasa a gwiwar hannu. Ya gwada shafin aljihu mai laushi, ya kwanta, amma ba kaki ba ne, balle ya zama na Baba. Ya jera su a kan keken ɗinki yana kallo, kowanne ya fi wani muni, ya share su cikin kwandon ƙyallaye.

Ya san abin da ake bukata, tun yana yi wa Baba aiki ya sani. Sai yadin da jiki ya cinye, wanda gumi da guga da shekaru suka siranta har ya kusa zama ɓawon albasa. Irin wannan shi ke kwanciya a jikin ƙaramin mutum kamar don shi aka saƙa. Kuma a duk duniya wuri ɗaya ne ya san kakin Baba ya yi hakan.

Ya je gidan da safe, lokacin da ya tabbata Auta ya fita shago. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya taɓa gaban kwat ɗin ya yi tsaki.

"Kai, wannan yaro bai iya komai ba. Inna, da me ya cire maɓallin nan, da haƙori? Ya yaga wurin. In aka bar shi haka zai bi ya tsage har aljihu."

Inna ta laluba wurin. "Ban ji yaga ba."

"Daga ciki ne. Ki kawo in je in kama miki, kafin la'asar na dawo da shi."

Ta riƙe shi tana jinkiri. "Ba za ka kawo allurar nan ka yi a gabana ba?"

"Sai da keke, Inna. Ko kin fi yarda da mai agogo a kan ɗinki?"

Ta miƙa masa da hannu biyu. "Kar ka wanke. Kar ka sa masa guga."

Ya koma shago, ya sallami masu jiran awo, ya janyo ƙofa ya bar 'yar kafa don haske. Ya baje kwat ɗin ya buɗe wuyan. Ga shi nan daga ciki, daidai inda ƙeyar Baba ke gogawa: wuri kamar faɗin yatsu uku, ya yi duhu, ya yi santsi, in ka ɗaga shi a haske kana ganin inuwar hannunka ta baya. Ƙamshin man gashin Baba ya bugi hancinsa, har ya ɗan tsaya da reza a hannu. Sai ya tuna Auta na juya maɓalli a haske. Ya sa reza.

Da fari ɗan kaɗan ya yanka, iya gaba da baya. Sai hannun riga ya lalace, ya ƙaro. Sai ya ga ai kwat ba ya yiwuwa ba aljihu, ya ƙaro. Kafin ya ankara ya ɗebe wurin gaba ɗaya.

Bai damu ba, don faci sana'arsa ce. Ya zaƙulo wani tsohon wandon kaki cikin kayan da masu su suka manta, ya yanko, ya jiƙa a ruwan shayi, ya goge da dutse, ya shafa masa ɗan man keke har launin ya zo ɗaya. Ya bi tsofaffin ramukan allura ɗaya bayan ɗaya ya ɗinke. Da ya gama ya kira maƙwabcinsa mai wanki da guga ya ce ya nemo masa faci a rigar nan. Mutumin ya juya, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya dawo ya ce shi dai bai ga komai ba. Tela ya ji kansa ya yi girma. Ya mayar wa Inna kwat ɗinta kafin la'asar kamar yadda ya yi alkawari, ya ce aiki na jiransa, bai zauna ba.

Baban da ya fito daga wannan ƙyalle kuwa, ko maƙiyin Tela ya gani sai ya yaba. Bai sa gam ko ɗigo ba, don gam na sandarar da yadi. Da zaren da ya tsaga gida uku ya ɗinka, har da aljihun usur. Kwat ɗin ya kwanta a kafaɗar da ta rusuna, ya tattare a gwiwar hannu daidai yadda na gaske ke yi. Tela ya tsayar da shi a kan keke ya kasa ɗauke ido.

Da ya zo ranar hutu ya tarar da Inna ta rame. Tana zaune, kwat ɗin a cinya, amma hannayenta na gefe, tana murza yatsunta da juna. Aka kunna jirgi, bai ga ta karkata kai wajen ƙarar ba. Matar Auta ta ja shi gefe ta ce kwana biyun nan Inna ba ta cin abinci. Ta ce jiya ma Inna cewa ta yi a zuba mata shinkafa a kwano ɗaya, gishiri a ɗaya, ta yi ta tsoma hannu, sannan ta nemi allura tana tsikarin yatsanta. An tambaye ta ta ce ba komai.

Tela bai tsaya tunani ba, don ya samu sandar dukan Auta. Ya tari Auta a bakin ɗakin baya.

"Kana gida ɗaya da tsohuwa tana ƙarewa, kai kana can kana goge maɓalli."

"Ni ke kwana da ita in tashi da ita. Kai da kake leƙowa sau ɗaya a mako kamar mai karatun mita, kai ne za ka koya min?"

"Tun da ka cire mata maɓallin nan take haka. Ka san abin da kwat ɗin nan yake a wurinta, ka sa hannu ka ɓalle."

"Roƙa na yi, ta ba ni."

"Ai ka saba. Tun kana yaro ba abin da ka iya sai miƙa hannu."

Auta ya matso har numfashinsu na haɗuwa, matarsa ta shiga tsakani. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, muryar da ba ƙarfi, ta ce in sun gama abin da suka yi su kawo mata yanzu, ba sai wani makon ba, don ba ta san ko hannunta zai kai wani makon ba. Ba wanda ya gane abin da take nufi. Tela dai nasa na aljihu cikin kwalin ashana. Auta ya shiga ya ɗauko nasa.

Suka tsaya a gabanta, kowa ya kau da kai daga ɗan'uwansa. Auta ya fara sa mata nasa a tafin hannu. Tela ya saci kallo, ya ga aikin ya yi kyau: kai da hula na tagulla suna sheƙi, har alamar da ke gaban hular ta fito, kuma hannun yana motsi, in ka taɓa ya ɗaga tuta.

Inna ta juya shi a hankali. "Maɓallinsa ne, ni na ba ka. Ka yi ƙoƙari, Auta. Sai dai babanku bai taɓa yin sanyi haka ba." Ta miƙa masa abinsa.

Tela ya buɗe kwalin ashana ya sa mata nasa, yana danne murmushi.

Ta taɓa kan, ta taɓa kafaɗar. Babban yatsanta ya sauka a bayan 'yar rigar, ya tsaya. Ya tafi, ya dawo. Ya sake tafiya, ya dawo, irin kai da komon nan da Tela ya sha gani. Ana jin ƙarar jirgi can yana hawa gada. Ta ɗaga ɗan mutumin ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Ashe hannuna lafiyarsa lau," in ji ta.

"Inna?" in ji Auta.

"Tun ranar da aka dawo min da kwat ɗin nan nake sa hannu a wuyansa ba na jin komai. Sai wani abu mai kaushi kamar na kowa. Na ce to, ido ya tafi, yanzu hannu ya bi shi. Na ji tsoron in faɗa muku. Ina ta kuka ni kaɗai, ina cewa ko ɗan wurin nan da ya rage min na daina ji." Ta rufe hannunta a kan ɗan mutumin. "Ashe ga shi nan. Ashe yanke shi aka yi."

Auta ya fizgi kwat ɗin ya buɗe wuyan, ya duba, ya kai taga ya sake dubawa. "Ban ga komai ba."

"Ba za ka gani ba," in ji Inna. "Yayanka gwani ne."

Tela ya durƙusa a gabanta. Duk wahalar da ya sha a kan launi, ruwan shayi da man keke da bin ramukan allura, don mai ido ya yi ta. Ko sau ɗaya bai tuna cewa mai kwat ɗin ba da ido take kallonsa ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Inna, zan mayar. Ban sa gam ba, ɗinki ne kawai, zan warware in mayar."

"Ka mayar da me? Ka fitar masa da hannu biyu, ka fitar masa da aljihu." Ta laluba 'yar rigar. "Har da wurin usur. Wurin da yatsuna uku ke kwanciya, yanzu ko yatsa ɗaya bai cika ba."

"Da ka tambaya," in ji Auta. "Da ka buɗe baki ka tambaya kamar mutum! Ka zo ka tsaya a gabana kana cewa ni na sa mata ciwo, alhali reza na aljihunka!"

"Bar shi," in ji Inna. "Na ce wanda ya fi kama da babanku shi ya ci. Wannan ba kama ya yi ba, shi ne."

Ta cire igiyar daga wuyanta, ta laluba ta sami hannun Tela, ta sa masa makulli da ɗan mutumin tare, ta naɗe masa yatsu a kansu. Sannan ta ce Auta ya ba shi kwat ɗin.

"Ka haɗa da wannan. Akwai sauran yadi da yawa, ka yi wa mutanen tasha riguna."

"Inna, don Allah ki riƙe kwat ɗin."

"In yi me da shi? Ba ni jin sanyi."

Ta juya fuskarta wajen bango. Tela ya jira ko za ta ƙara wata magana, ko da zagi ne, ba ta ƙara ba. Ya tashi da kwat a kafaɗa ya nufi ɗakin baya, don bai san inda zai nufa ba in ba can ba.

Auta ya biyo shi. Bai dube shi ba. Ya bi 'yar hanyar gefe a karkace, ya sa matsefata ya ɗauke ɗan mutum-mutuminsa daga dokin ƙofar ɗakin tsaro, ya jefa a aljihu tare da Babansa na tagulla. Jujin da shagon ɗinkin ya bar su inda suke.

"Ga wuri nan na share maka," in ji shi. "In ka gama ka kashe wuta, Yaya. Ɗakinka ne."

Tela ya tsaya shi kaɗai. Jirgin na ta zagayensa tun ɗazu, ba wanda ya tuna ya tsayar da shi. Ya sunkuya ya tsayar da Baba a bakin ɗakin tsaro. Ya yi kyau a wurin, ba ƙarya. Jirgin ya taho ya wuce ta gabansa, ya karya kwana ya hau gada da ƙarar nan tasa, Tela ya kasa kunne wajen ɗakin Inna kamar yadda ya saba. Ya ji ta kira matar Auta ta ce wani abu a hankali. Sai ya ji an tura ƙofarta an rufe.